Yadda Za A Ci Sallah Ba Tare Da An Tara Ƙiba Ba

Hausawa na cewa sallah biki ɗaya rana, amma duk wanda ya zauna a Maradi ya san cewa a wajen ciki maganar ba haka take ba. Hidimar takan fara tun daren farko na azumi da kunu da ƙosai da zoɓo mai sanyi, ta kai ga ƙaramar sallah da zabinta da kajinta, ta ɗan lafa, sannan bayan kimanin kwana 70 babbar sallah ta iso da naman da wani gida zai yi wata guda yana ɗiba, wani ma fiye da haka. A tsakani kuma ga ɗaurin aure, ga suna, ga taryar alhazai. Saboda haka wanda yake so ya fita daga wannan lokaci da nauyin da ya shiga da shi bai kamata ya ɗora damuwarsa a kan ranar idi ba. Yinin sallah, komai yawan abin da aka ci a cikinsa, ba ya sa mutum teɓa. Abin da yake sa ta shi ne makwannin da suke biyo baya, waɗanda ake ci gaba da ci a cikinsu kamar har yanzu ana sallah.

Lissafin kansa yana nuna haka. Kafin jiki ya ajiye kitse kilo 1, sai ya sami rarar abinci da ta kai kusan kalori 7,700 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki) a kan abin da yake ƙonawa, alhali babban mutum mai aiki matsakaici yana buƙatar tsakanin 2,000 da 2,500 a yini. Ba a tara wannan rara a zama ɗaya. Amma rarar kalori 300 a kowace rana, wadda ba ta wuce kwalbar lemo ɗaya da ƴan yankan soyayyen nama ba, za ta kai mutum kilo 1 cikin kwana 25 ko 26 ba tare da ya taɓa jin ya yi ɓarna ba. Wani bincike da aka yi a Amurka, aka buga a shekarar 2000, ya bi mutum 195 a lokacin bukukuwansu na ƙarshen shekara, ya tarar cewa ƙarin da suka yi bai kai rabin kilo ba a matsakaici. Abin lura a cikinsa shi ne, wannan ɗan ƙarin bai sauka ba bayan biki ya wuce, sai shekara ta zagayo ta same shi a jiki ta ɗora wani a kai. Mu da muke da sallah biyu da wata guda na shan ruwa, ya fi kyau mu ɗauki maganar da muhimmanci, domin rabin kilo a shekara shi ne kilo 5 a shekara 10, kuma ta wannan hanya ce mafi yawan magidanta suke wayar gari rigar da tela ya ɗinka musu bara ta ƙi rufe ciki.

Matakin farko shi ne mutum ya san inda yake tsaye kafin a ga wata. A hau sikeli da safe, kafin a ci komai, da kaya marasa nauyi, a rubuta adadin a takarda ko a waya. Wanda ba shi da sikeli a gida yana iya aunawa a asibitin unguwa, in ya so ya riƙa komawa kan sikelin nan ɗaya, don sikeli biyu ba su cika faɗin abu ɗaya ba. Akwai kuma awon da ba ya buƙatar ko dala: a sami igiya, a auna tsawon mutum da ita daga tafin ƙafa zuwa tsakiyar kai, a yanke, a ninka ta biyu, sannan a zagaya ta a ciki, ɗan sama da cibiya. Idan bakin igiyar biyu sun haɗu, kewayen ciki bai wuce rabin tsawo ba, kuma haka ake so. Idan sun ƙi haɗuwa, kitse ya fara taruwa a inda ya fi haɗari, domin kitsen ciki shi ne ya fi tafiya tare da ciwon suga da hawan jini. Wani gwaji da aka yi a Ingila, aka buga a 2018, ya nuna cewa waɗanda aka sa su riƙa auna kansu aƙalla sau 2 a mako lokacin biki, tare da ƴan shawarwari kan ci da sha, sun fita ba su ƙara nauyi ba, waɗanda ba a sa su ba kuwa sun ƙara. Sai dai kada a firgita idan washegarin sallah sikeli ya nuna ƙarin kilo 1 ko 2. Mafi yawan wannan ruwa ne da gishiri ya riƙe da kuma abincin da bai gama wucewa ba, kuma yakan sauka cikin ƴan kwanaki. Adadin da za a yi aiki da shi shi ne wanda ya tsaya mako biyu bai motsa ba.

A watan azumi mutane da yawa sukan ɗan rame, yawanci kilo 1 ko kusa da haka, amma bincike ya sha nuna cewa abin da aka rasa yana dawowa cikin ƴan makwanni bayan sallah, wani ma tun kafin a sauke azumin ya riga ya ƙara. Dalilin yana kan tabarmar shan ruwa. Mai azumin da ya wuni cikin zafin Maradi, wanda a watannin Afrilu da Mayu yake haura digiri 40, ƙishirwa ce ta fi damunsa ba yunwa ba, amma sai ya kashe ta da abin da aka cika wa sukari, ya bi da soye-soye, har ya kasa miƙewa sallar magariba da sauƙi. Tsarin da ya fi shi ne a buɗe baki da dabino 3 da ruwa zalla, a tashi a yi sallah, sannan a dawo a zauna. Wannan ɗan jinkirin yana da amfani a jiki, domin saƙon ƙoshi yana ɗaukar kusan minti 20 kafin ya kai ƙwaƙwalwa, kuma wanda ya ci da gaggawa yakan wuce iyakarsa kafin ya ji. Daga cikin ƙosai da fanke da soyayyen dankali a zaɓi ɗaya a kowane dare maimakon a jera su duka, a sa kwaɗon zogale ko na rama a gaba, kuma kada a bar sahur, a yi shi da abin da yake zama a ciki kamar tuwon gero, wake, ƙwai ko fura da nono marar sukari.

Ranar ƙaramar sallah da kwana biyun da suke binta, matsalar ba ta cikin gidan mutum ba ce, ta gidajen da zai shiga ce. Wanda ya fita yawon barka da sallah daga unguwar Zariya zuwa Bagalam, ya biya Mokoyo, wataƙila ya ƙarasa Tibiri wajen dangin uwa, zai iya shiga gida bakwai ko takwas, kuma babu gidan da za a bar shi ya fita ba a ajiye masa kwano ba. A nan ne ake buƙatar dabara fiye da ƙarfin zuciya. Da farko kada a fita da yunwa da sunan ana ajiye ciki, domin mai yunwa ba ya zaɓe, kuma a gida na farko zai cika ciki da cincin da dubulan. A ci wani abu mai riƙe ciki kafin a fita. Na biyu, tun a gida a yanke shawarar inda za a ci abinci sosai, gida ɗaya ko biyu, galibi wajen mahaifiya ko surukai inda ƙin ci zai zama abin magana, sauran gidajen kuma a tsaya a kan taɓawa.

Taɓawar ma tana da ladabinta, kuma wanda ya iya ta ba ya ɓata wa kowa rai. Ba a cewa mai gida ba za a ci ba, ba a kuma fara yi mata bayanin kalori da kitse, wanda ba zai haifar da komai ba sai dariya da gori. A wanke hannu, a yi bisimilla, a ɗauki yanka ɗaya na nama ko loma biyu, a ci a hankali ana hira, a yaba miyar da gaske, sannan a rufe kwanon. Idan ta matsa, kamar yadda za ta matsa, sai a ce, "Wallahi Gwaggo na ƙoshi, daga wajen Inna nake, amma ki zuba mini in tafi da shi, yara su ma su sami albarka." Tsohuwa ba ta jin haushin wanda ya roƙi a ƙulle masa girkinta, hasali ma daɗi take ji, kuma abin da aka ƙullo yana da masu ci a gida da maƙwabta da almajiran da ke bakin ƙofa. Wanda likita ya riga ya gargaɗe shi kan suga ko hawan jini ya faɗi haka kai tsaye, ya ce, "Hajiya, likita ya hana ni zaƙi, a ba ni ruwa kawai." Na lura cewa wannan uzuri ɗaya ne tilo da ba a ja da shi, ko da yake akan bi shi da nasihar magungunan gargajiya da sai an yi haƙurin saurare.

Idan an zauna cin abinci na sosai, hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya zuba nasa a ƙaramin faranti, ya ga iyakarsa da idonsa, tun da ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Rabin farantin ya zama ganye ko salak, kashi ɗaya cikin huɗu nama, sauran kashin kuma shinkafa ko taliya ko tuwo ko masa, ɗaya daga ciki ba duka ba. Inda ake ci a tire ɗaya, kamar yadda aka saba a zaure, mutum ya ja wa kansa iyaka a gabansa, ya rage saurin hannu, ya bar ƙarin da za a kawo. Ganye ba ya wuya a wannan gari, domin lambunan Gulbi da na Jiratawa suna kawo zogale da kabeji da tumatir da karas kasuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na ganye da ƴaƴan itace a yini. Sai dai a yi hattara da kwaɗo, saboda ƙuli-ƙuli da man da ake zuba masa suna iya mai da shi abinci mai nauyi, haka ma salak da aka lulluɓe da mayonis. Addini ma ya riga ya ba da ma'auni a hadisin da ya raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, kuma babu wani tsarin likita da ya fi wannan sauƙin tunawa a gaban tire.

Babbar sallah ce ta fi buƙatar shiri, kuma shirin yana hannun uwargida da maigida tare. Naman rago ba shi ne abokin gaba ba. Tsoka tana ƙosarwa, tana kuma daɗewa a ciki. Abin da yake kawo ƙiba shi ne kitse da mai, domin giram 1 na kitse yana ɗauke da kalori 9, alhali giram 1 na sitaci ko na furotin, wato sinadarin gina jiki, 4 ne kawai. Cokali babba ɗaya na man gyaɗa kusan kalori 120 ne. Idan aka juye rabin lita a tukunyar miyar mutum 10, an zuba sama da kalori 4,000, wato kowa ya sami 400 daga mai kaɗai kafin ya taɓa nama ko shinkafa. Mu mutanen ƙasar gyaɗa ne, kuma an saba auna darajar miya da man da yake yawo a samanta, amma idan aka rage shi zuwa rabi aka ƙara albasa da tumatir da daddawa da kayan yaji, ba kowa ne zai gane ba. A riƙa auna mai da cokali ko ludayi sananne maimakon a tuntsura galan, kuma idan miya ta huce a kwashe wanda ya taso.

Gashin da ake yi wa rago a jikin itace kusa da wuta, kamar yadda aka saba a gidaje da yawa a Nijar, ya fi suya sauƙi a jiki, saboda kitsen yana narkewa ya ɗiga ƙasa. Matsalar tana farawa ne bayan an sauke, lokacin da ake yanka naman a soya shi cikin kitsensa don kada ya lalace, a zuba a tukunya ko a roba a ajiye a ɗaki. Wannan robar ita ce take sa ƙibar layya. Ba a cin abin da ke cikinta a matsayin abinci, ana wucewa ne a ɗauki biyu, a dawo a ɗauki uku, da safe da rana da dare, kuma babu wanda yake lissafa shi. Maganinta uku ne. A fitar da rabon dangi da maƙwabta da mabuƙata da hannu sake tun ranar rabo, don abin da ya rage a gida ya zama kaɗan. A tsane naman sosai a kwando bayan suya, a raba shi da narkakken kitsen, kada kuma a mai da kitsen nan man girki na wata guda. Sannan a ajiye robar a wuri mai nisa da hannu, a rufe, uwargida ta riƙa fitar da na yini tare da abinci, kowa yanka 3 ko 4, kusan cikin tafin hannunsa. Mai firiji ya ƙulla ɗanyen nama kashi-kashi a leda, kowane ƙulli na girki ɗaya, a riƙa yin farfesu ko dahuwa da shi maimakon suya. Kayan ciki da kai da ƙafa a ci su a ranakun farko a wuce wurin, amma mai ciwon gaɓoɓi irin na gawut ya yi nesa da hanta da ƙoda.

Abin sha ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne yake shiga jiki ba tare da ya ƙosar ba. Gwangwanin lemo na santilita 33 yana ɗauke da sukari kusan giram 35. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum yake ci a yini, wato kusan giram 50 ko ƙaramin cokali 12 ga babban mutum, kuma rabin haka ya fi. Ke nan lemo biyu sun riga sun tsallake iyakar yini. Zoɓo da kunun aya da ruwan tsamiya da lemun citta na gida ba su tsira ba don kawai a gida aka yi su, tun da sau da yawa sukarinsu yana kamo na kwalba. Amfaninsu shi ne mai haɗawa yana da iko a kansu, yana iya rage sukarin kaɗan-kaɗan har harshe ya saba, ko ya ware jug ɗaya marar sukari ya sa masa citta da kanumfari da na'ana'a. Ga maza kuma akwai shayin fada, wanda a kwanakin sallah ake ɗora shi tun hantsi har tsakar dare. Kofin ƙarami ne, shi ya sa ake raina shi, amma wanda ya sha na farko da na biyu da na uku a zama uku ya sha kofi 9, kowane da sukarinsa, ga gyaɗar da ake watsawa a baki, wadda cikin hannu ɗaya nata ya kai kalori 170. A tsaya a zagaye ɗaya a yini, ko a roƙi mai dafawa ya zuba wa mutum nasa kafin ya ƙara sukari. Duk gidan da aka shiga kuma a fara neman ruwa.

Motsa jiki ba ya goge abin da baki ya yi, kuma gara a san haka tun da wuri. Tafiyar minti 30 da sauri tana ƙona kusan abin da ke cikin gwangwanin lemo ɗaya ne kawai. Duk da haka tana taimaka wa jiki wajen sarrafa sukari, musamman idan an yi ta bayan cin abinci, kuma ƙa'idar ita ce minti 150 zuwa 300 a mako ga babban mutum. Sallah tana ba da damar cika wannan ba tare da an sayi takalmin gudu ba. A tafi filin idi da ƙafa a dawo ta wata hanya kamar yadda sunna ta koyar, a bar kabu-kabu idan gidan da za a je bai wuce unguwa ɗaya ko biyu ba, a je kallon hawa da ƙafa. Lokacin zafi a yi tafiyar bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya. Matan da aikin sallah ya tsayar da su a bakin murhu tun asuba ba su rasa motsi ba, abin da za su kula da shi shi ne ɗanɗane, domin mai soya cincin da nama tana iya cin abincin yini guda a tsaye ba ta sani ba. Barci ma yana cikin lissafi, saboda wanda ya raba dare yana hira yakan tashi da yunwa da kwaɗayin zaƙi fiye da wanda ya sami awa 7.

Wajibi ne a faɗi waɗanda wannan shawara ba tasu ba ce. Yara ƙanana, mata masu ciki, masu shayarwa, tsofaffin da suka rame da wanda ya tashi daga ciwo, su naman sallah alheri ne gare su, kuma a jihar da tamowa take damun yara da yawa ba daidai ba ne a rage wa yaro nama da sunan gudun ƙiba. Abin da za a rage wa yara shi ne alawa da lemon kwalba da suke saye da kuɗin barka da sallah. Masu shan maganin ciwon suga kuma kada su sauya yawan abincinsu sosai ko su tsallake ci ba tare da sun yi magana da likita ba, don sukarin jini yana iya faɗuwa. Haka nan a guji shayi da ƙwayoyin rage ƙiba da ake tallatawa a kasuwa da waya bayan sallah, waɗanda yawancinsu gudawa ko fitsari kawai suke sawa, abin da ya fita kuma ruwa ne ba kitse ba.

Abu na ƙarshe da za a yi tun kafin sallah shi ne a sa wa bikin ranar ƙarewa, a kuma faɗa wa mutanen gida. A ƙaramar sallah kwana 3 sun isa, a rana ta huɗu tukunya ta koma yadda take, a rabar da sauran cincin da lemo maimakon a ajiye su don baƙin da ba za su zo ba. Mai niyyar Sitta Shawwal zai ga cewa tana taimakawa wajen mai da ciki kan tsari, muddin bai mai da shan ruwanta wata sallar ba. A babbar sallah a ba nama mako guda yana sarauta, daga nan ya koma matsayin abin sa wa miya. Mako biyu bayan haka a sake hawa sikelin nan da safe, a sake zagaya igiyar nan, a gwada da abin da aka rubuta kafin a ga wata. Idan an sami ƙarin da ya kai kilo 1, a cire lemo da sukarin shayi gaba ɗaya, a rage tuwon dare da kashi ɗaya cikin uku, a ƙara tafiyar minti 30 kowace rana, a ci gaba da awo sau 2 a mako har adadin ya koma inda yake.